Ba Layi Ba Ne, Ni Ce

Litinin, 6 ga Oktoba

Abokin aikina, wanda muke kira Aku saboda surutu, ya faɗo daga kan tsani yau. Muna ɗaura sabon allo a ɗakin taro na babban ofis, ni ina ƙasa riƙe da kebul, shi yana sama yana ba ni labarin firij ɗin da surukarsa ta saya. Sai ya juyo zai nuna min girman firij ɗin da hannu biyu. Hannu biyu, a kan tsani.

Ƙashin idon sawu ya tsage. Allon dai ko ƙwarzane. A mota ma bai yi shiru ba sai da ya ƙarasa min labarin, yana nishi yana yi.

Na yi dariya a hanya, na yi a asibiti. Sai da na dawo na zauna ni kaɗai a ɗakin na'urori sannan na gane abin da ke gabana. Tun da aka haɗa mu aiki a kamfanin fentin nan, kowa ya san rabonsa: ni in saita, shi ya yi magana. Shi ke ɗaga waya, shi ke yi wa Manaja bayani, shi ke kiran rassa. Ni da in'inata muna bayan kwamfuta, babu mai damun mu. Yanzu likita ya ce ƙafa a sama, sai ƙashi ya haɗe.

Talata, 7 ga Oktoba

Manaja ya kira ni ofishinsa. Ranar ashirin ga wata za a yi taro ta bidiyo da wani kamfanin gine-gine da ke neman fenti na rukunin gidajen da suke ginawa. Suna so su ga masana'anta, su ga sito, su yi magana da mu, duk a kira ɗaya. In aikin ya faɗo mana, za a buɗe ɓangaren masana'antar da aka rufe bara, a dawo da mutanen da aka ce su jira a gida.

"Za ki iya ke kaɗai?" Na gyaɗa kai. Gyaɗa kai ba ya in'ina.

Aikin kansa ba ya ba ni tsoro, daɗi ma yake min. Wurare uku ne, kowanne da allonsa da kyamara da makirufo. A ɗakina akwai na'urar raba kira, kamar mai ba da hannu a mararraba: kira ya zo, ta dubi lambarsa, ta nuna masa hanya. Ni zan rubuta mata ƙa'idojin. Lambar da ta fara da bakwai ta tafi masana'anta, takwas ta tafi sito, tara ta fita waje. Shi ke nan, tsaf.

Inda gizo... a'a, inda matsalar take: kowace ƙa'ida sai an gwada ta, da mutum a can gefen, da ni a nan ina cewa "kana jina?" Ka. Harafin da muka fi daɗewa muna gaba da shi.

Malam, mijina, ya ce zai ɗaukar min muryarsa a waya yana cewa "kana jina, kana ganina," in riƙa kunnawa. Wasa yake yi. Ni kuwa sai da na yi tunanin abin sosai.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kira masana'anta, allo ya buɗe, sai ga wata mata da ɗankwali a karkace ta zuba min ido. Ni ce.

Na yi ta dariya ni kaɗai. Ashe na'urar masana'anta ba ta san lamba mai bakwai a gaba tata ba ce. Kuma akwai tsohuwar ƙa'idar da Aku ya sa mata: duk lambar da ba ki gane ba, mayar da ita babban ofis. Kira ya tafi, an ce ba a san shi ba, ya dawo gida. Na sa a riƙa cire bakwai ɗin a bakin ƙofa kafin a miƙa kiran. Ya wuce sumul.

Kafin in gyara sai da na ɗan yi hira da matar nan. Ko sau ɗaya bakinta bai sarƙe ba. Kullum haka ne in ba kowa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sito. Baba Mai Sito ne ya ɗauka, dattijon da na san sa hannunsa a takardu amma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yau ma da farko hanci kawai na gani, ya kawo shi dab da kyamara.

Na kauce wa "kana," na ce "Ana jina?" Wannan ta fita lafiya. Sai na so in ce ya matsa baya. Ma. Ma. Ma. Baki ya ƙi buɗewa.

"Ana jinki 'yata, amma layin yana tsinkewa. Tsaya."

Ya buga lasifika da tafin hannu. Na sake gwadawa, na sake maƙalewa, ya sake bugawa. Ya girgiza kebul, ya hure makirufo, ya kori wata kyanwa daga kan tebur wai ko ita ce. Da maganata ta fita daidai sai ya ce, "Yauwa, kin ga ya gyaru. Duka yake so."

 Na bar shi a haka. Da na kashe na kifa kai a tebur ina dariya har da hawaye. Daga baya dariyar ta ɗan yi ɗaci, ban san dalili ba. Na sani.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bakwai na zuwa masana'anta, takwas na zuwa sito, kuma suna kiran juna ba sai sun bi ta kaina ba. Na saya wa kaina lemo mai sanyi na sha a tsaye.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Mun je duba Aku. Ƙafa a kan matashi, waya biyu a hannu. "Shugaba, an ce kin kira kanki kin gaisa da kanki." Wa ya gaya masa, oho. Matarsa ta raka mu ƙofa ta ce min a hankali, don Allah in roƙi likita ya sallame shi ya koma aiki, kunnuwanta sun gaji.

Da yamma Yaya ta zo. Na fara ba ta labarin Baba Mai Sito, ita ta ƙarasa rabinsa, kamar kullum. Tun muna yara take ƙarasa min magana, a shago, a makaranta, a gaban baƙi. Sau da yawa ba abin da zan ce ba ke nan, amma na kan bari, ya fi sauƙi. Na taɓa shekara ina cin abin da ba na so saboda ita ta ce wa Mama ina so.

Ta ce, "Ai kin samu mafaka. Ki bar layi ya ɗauki laifin, shi ba ya jin kunya."

Malam yana gefe yana duba takardun ɗalibansa. Shi bai taɓa ƙarasa min kalma ba, ko sau ɗaya, ko ranar da na yi ta fama da sunansa a gaban iyayensa. Bayan Yaya ta tafi ya ce, bai ma ɗago ba, "Layin nan fa ke kika gina shi. Kuma lafiyarsa ƙalau."

Na ce masa ya ji da jan bironsa.

Litinin, 13 ga Oktoba

Yau tara: kiran waje. Injiniyan kamfanin gine-ginen wani siriri ne mai gilashi, mai yawan gyara kwala. Hoto ya tafi, hoto ya zo, ina jinsa, shi ba ya jina. Katangar tsaron netwok ɗinmu ta bar ƙofar hoto a buɗe, ta rufe wadda muryarmu za ta fita.

Kada in yi ƙarya, ban taɓa jin daɗin aiki da baƙo kamar yau ba. Shi yana magana, ni ina rubutu a takarda da biron maka ina ɗagawa a gaban kyamara. Har barkwanci na yi. Na rubuta "katangarmu ta fi taku kishi," ya yi dariya har gilashin ya zame.

Na gano ƙofofin tun kafin azahar. Sai da na ja ƙafa har kusan tashi kafin in buɗe su.

Talata, 14 ga Oktoba

Muryarmu ta fara isa gare su. Mai Gilashi ya ce, "Madalla, yi magana in ji." Na yi. Ya ɓata fuska, ya matso da kunne. "Yana yankewa daga wajenku. Sake." Na sake, ya fi na farko muni. Ya ce in karanta masa lambobin ɗakunan. Bakwai. Ba. Ba.

"Haka ba zai yiwu a gaban shugabanmu ba," in ji shi, cikin ladabi. Zai duba nasu, ni ma in duba nawa.

Na ce, "Zan duba."

Zan duba. Me zan duba?

Laraba, 15 ga Oktoba

Abin ya girma. Sun aiko wa Manaja cewa layinmu ba shi da kyau, ko a ɗage taron. Kuma a makon ne za su gana da wani kamfanin fentin. In aka ɗage, an ɗage ke nan.

Na sami Manaja yana wanke masu ba mu intanet tas a waya. Wata baiwar Allah a can tana ta ba shi haƙuri a kan abin da ba ta yi ba, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. Na nuna masa awon layin a kwamfuta: babu abin da ke zubewa, ko ɗigo. Ya dubi awon, ya dube ni. "To mene ne?" Ya san ina in'ina, amma ina zai tuna? Shekara da shekaru kaina kawai yake gani yana hawa yana sauka.

Na rubuta masa a takarda: a ba ni zuwa gobe.

A hanyar fita na haɗu da Babban Makaniki na masana'anta ya kawo takardu. Ya ce mutanen da ke gida suna ta tambayarsa ko da labari. "Mun ce musu abin yana hannun Injiniya." Ya faɗa yana murmushi, da kyakkyawar niyya. Ban iya cin abincin rana ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Bari in rubuta wannan dalla-dalla, kada in manta.

Na fara da Baba Mai Sito, don in gwada bakina a inda ba zai yi zafi ba. Ya ɗauka, yanzu ya iya zama daidai, har da gyara hula. Na ce, "Baba." Sai da na yi ba-ba-ba kafin ta fita. Ya ɗaga hannu zai kai wa lasifika duka. Na ɗaga nawa hannun na tsayar da shi.

"Ba layi ba ne. Ni ce. In'ina nake yi."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi lasifikar, ya dube ni. Sai ya ce, "To shi ne kika zuba ido ina dukan kayan kamfani? Har na ce wa direbobi na iya gyara." Dariya ta ƙwace masa, ni ma haka. Ya shafa lasifikar yana ba ta haƙuri. Da muka lafa ya ce, "Ki yi maganarki a tsanake 'yata. Ni ina za ni? Fenti ne a gabana, ba ya gudu."

Ban tashi daga kujerar ba, don na san in na tashi ba zan dawo ba. Na danna tara da lambar Mai Gilashi.

Idonsa duk ya faɗa. Ya ce jiya ya canza kebul, ya canza lasifika, har ya yi faɗa da abokin aikinsa, bai ga komai ba. Na ce ya saurare ni, kuma kada ya taɓa komai. Wannan karon ta fi wuya. Na maƙale a "layi," wadda ban taɓa maƙalewa a kanta ba. Ina ganin fuskata a ƙaramin hoton gefe, baki a buɗe, ido a rufe. Na ci gaba dai har ta fita.

Ya cire gilashin ya rufe fuska da hannu. Na ɗauka haushi ne. Ashe kunya ce. "Ki yafe ni, 'yar'uwa. Har lambobi na sa ki karanta." Na ce ni ce da neman gafara, na sa shi faɗa da abokin aiki a banza. Ya ce ba a banza ba, dama yana cike da mutumin.

Sai dabara ta zo min. Na ce bari in ba shi shaida. Na jawo sito cikin kiran, allo ya rabu biyu, na ce Baba ya yi mana magana. Kamar jira yake. Ya fara daga farin fenti, ya bi ta kan ruwan toka, ya faɗa tarihin kyanwa. Ko harafi bai faɗi a hanya ba. Na jawo masana'anta, allo ya rabu uku, Babban Makaniki yana ɗaga mana hannu. Duka wurare huɗu a kira ɗaya, murya garau. Abin da ake nema ranar taro ke nan, ga shi ya zo ban shirya ba.

Mai Gilashi ya ce yanzu zai rubuta wa shugabansa. Na ce ya rubuta gaskiya. Ya ce zai rubuta "layi lafiya," sauran ba na shugaba ba ne.

Na je na gaya wa Manaja da bakina, a tsaye. Ya jira har na gama, ko da yake ƙafarsa na ta rawa a ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Ikon Allah," ya ɗauki waya ya nemi baiwar Allahn nan ta jiya ya ba ta haƙuri.

Da dare na gaya wa Malam. Ya tashi ya wanke kwanonin duka, yana waƙa, da muryar nan tasa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Gyare-gyaren ƙarshe. Na ba murya da hoto fifiko a kan layi, saboda 'yan akanta da ke kallon ƙwallo a ɓoye kada su shaƙe mana taro. Na ɗaga ƙa'idar kiran masu gine-gine zuwa sama, don na'urar daga sama take karantawa, wadda ta fara dacewa ita take bi. Na ƙara guda: in ɗaki bai amsa ba, kira ya koma wayar shugaban wurin. Ban ga ranar amfaninta ba, hannuna ne ya ƙi tsayawa.

Aku ya kira. "Shugaba, an ce ke da Baba har hira kuke. Kujerata fa?" Na ce tana nan, na ɗora mata kwalin kebul.

Litinin, 20 ga Oktoba

An yi.

Na zauna a kusurwa da kwamfutata. Shugabansu babban mutum ne mai gajen haƙuri, Mai Gilashi a gefensa. Sito ya yi kyau, Baba ya sa sabuwar riga. Ana zuwa kan masana'anta, hotonta ya yi baƙi ƙirin. Daga baya na ji wai wani ne ya zare filogi zai jona butar shayi.

Manaja ya juyo. Kowa ya juyo, na ɗaki da na allo. "Injiniya?"

Babu takarda kusa, babu Aku. Na miƙe. Na ce masana'anta ta faɗi, kiran zai koma wayar Babban Makaniki da kansa, a ɗan jira. A "masana'anta" na tsaya cak. Na ga shugabansu ya buɗe baki, na san me zai ce. Mai Gilashi ya ɗan taɓa hannun rigarsa, ya raɗa masa wani abu. Mutumin ya rufe baki, ya jira. Duk ɗakin ya jira. Ban mutu ba.

Ina rufe baki allo ya dawo, ga Babban Makaniki da waya a hannu. Tun da ba a ɗaure yake a ofis ba, sai ya zaga da su ko'ina: injin haɗa launi, wurin cika gwangwani, har ɓangaren da ke rufe, an share shi fes. Shugaban ya ce wannan ya fi abin da ya zata zai gani.

A mota sai da na ɗan zauna kafin in tayar.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Mun samu aikin. Babban Makaniki ya kira ta bakwai, bayansa cike da mutanen da ban sani ba suna ɗaga hannu. Na kira Yaya in gaya mata, ta fara ƙarasa min, na ce, "Yaya, bari in faɗa." Ta bar ni na faɗa har ƙarshe. Ina jin ta fi ni mamaki.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mutane sun ƙi gane bakwai da takwas. Mai kula da ma'aikata ta kira sito tana neman masana'anta, Baba ya riƙe ta da hira har ta manta abin da take nema. Manaja ya ce a koya musu. Na ce a jira Aku. To Aku har yanzu yana kwance, kuma ni ake damu, shi ya sa kawai.

Na yi wa 'yan akanta da safe, 'yan talla bayan su, sai direbobi da suka ce su ma. Na maƙale ba adadi. Wani ya yi dariya, ta kusa da shi ta harare shi, na ce ta ƙyale shi, ni ma wani lokacin abin yana ba ni dariya. Na 'yan talla ya ja, don sun yi ta tambaya, ni kuma na biye musu har da labarin ranar da na kira kaina.

Na dawo gida na yi sallama, sai wata murya ta fito kamar ta tsohon ƙyaure. Malam ya leƙo daga kicin. Ya ce in sake. Na sake.

"Muryarki ta dishe."

Na ce sanyin ɗakin na'urori ne.

Ya ce, "Tun da na san ki kike zama a ɗakin nan." Ya haɗa min ruwan ɗumi da zuma, yana ta cije leɓe kada ya yi murmushi. Na ƙi kallonsa.

Sanyi ne. Gobe akwai 'yan masana'anta, sai in tafi da ruwan a fulas.